Shekarar Da Waya Ta Yi Shiru

Jikokina ba su yarda idan na ce masu akwai lokacin da mutum zai yi wata da watanni bai ji muryar ɗan'uwansa ba, kuma hankalinsa kwance. Dariya suke yi, su ce to Kaka, ya kuke yi? Ni ma in na zauna bayan la'asar ina tsintar wake, nakan tambayi kaina ya muke yi ɗin. Abin da na sani dai muna yi, kuma ba mu ji an tauye mu da komai ba. Sai da wani abu ya same ni a 'yan shekarun nan na gane cewa hanyar da muke bi a da ba ajiye ta muka yi a gefe don wata rana ba. Bari muka yi ciyawa ta cinye ta, ba wanda ya lura.

A wani ƙauye kusa da Kankara aka haife ni. Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da ƙanwata Kulu, wadda duk inda na sa ƙafa tana biye da ni, tana riƙe da gefen zanena. Garinmu da kunne ake sanin halin da yake ciki. Tun da sassafe za ka ji daka ta tashi, kuma ko ido rufe ka san turmin wane gida ne, don kowace mace da irin saukar taɓaryarta. In gidan da aka saba ji ya yi shiru, Innarmu za ta ajiye abin da take yi ta ce in leƙa in gani ko lafiya. Guɗa in ta tashi da hantsi, an sauka lafiya ke nan a wani gida. Ganga in ta yi wani irin kiɗa, gayya ce, samari su saɓi fartanya. Mu kuwa aikinmu ɗiban ruwa da sussuka da kai fura gona, da rana kuma Inna ta zaunar da mu kaɗin auduga har yatsu su yi zafi. A bakin rijiya ake jin wanda ya dawo daga tafiya, da wanda saniyarsa ta haihu, da wanda jikinsa ya ƙi.

Labarin nesa kuma kasuwa ke kawo shi. A lokacin ba ka isa ka ɗaura wa jaki kaya ka fita gari haka kawai ba. Sai ka bi ƙofa ƙofa kana sallama, kana cewa za ni Yankara, akwai saƙo? Wannan ta ce ka gaida mata ɗiyarta, wancan ya ce ka faɗa wa wane an sa ranar suna. Mutum shi ɗaya zai tafi da maganar gida biyar a kansa, in bai ga mai saƙon ba ya nemi wanda ya fito daga garinsu ya damƙa masa. Baba ba shi da yawan faɗa, amma a kan wannan ba ya wasa. Yakan ce mana, “In kin san ba ki kaiwa, ki ce ba ki kaiwa tun a gaban mai shi. Kada ki amsa da baki ki bar mutum shina jira.”

Ban san nauyin maganar nan ba sai da aka yi mani aure aka kawo ni wani ƙauye a ƙasar Faskari. Ina goyon fari, wata rana da yamma ina tsakar gida ina sheƙar dawa, sai ga Gwaggo Abu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a unguwarmu, ta shigo da ƙwaryarta a kai. Daga kasuwa take, ƙafafunta duk ƙura, ko gidanta ba ta biya ba. Ta sauke ƙwaryar, ta ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa mata.

“Ɗiyata, ajiye faifan nan,” in ji ta. “Innarki ta ce ki zo.”

“Lafiya, Gwaggo?”

“Mai goro ya faɗa mani, shi kuma wani mai jakuna na garinku ya faɗa mashi. Sun ce tana kwance. Ba su ce ta tsananta ba.” Ta dube ni. “Amma mai goron sau biyu ya biyo ni shina maimaitawa. In ni ce ke, ba ni bari gobe ta wuce.”

Ka ga, ba kalmomin kaɗai ta kawo mani ba. Ta kawo mani yadda mai goro ya damu, shi kuma ya kawo yadda ya ga fuskar mai jakuna. Mutum uku, biyu daga cikinsu ban taɓa ganinsu ba har yau, kowa ya bar cinikinsa ya nemi na gaba. Washegari maigidana ya raka ni bakin hanya, muka samu babbar mota mai ɗaukar hatsi ta rage mana tafiya, sauran muka ƙarasa a ƙasa. Na tarar da Inna ta rame ƙwarai, Kulu na zaune a kanta tana yi mata fifita. Ta gane ni, ta sa aka kwanto mata yaron ta shafa kansa. Na yi jinyarta 'yan kwanaki, a hannunmu ni da Kulu ta cika. Duk abin da ya same ni a rayuwa bayan nan, in na tuna na ga Inna da rai, sai in ji sanyi a zuciyata.

Ba zan ce zamanin nan ba shi da aibu ba. Na san matan da saƙo ya iske su bayan an yi bakwai. Na san wanda aka ce masa ƙanensa ne ya rasu, ya yi kuka ya gaji, ya je ya tarar wansa ne. Saboda haka ranar da waya ta shigo ƙasarmu, ni ban kasance cikin masu tsaki ba. A lokacin an daɗe da aurar da Kulu a Damari, can ƙasar Sabuwa, sai mu yi shekara ba mu haɗu ba in ba biki ko rasuwa ba. Da ɗana na biyu, Sani, mai sayen hatsi yana kaiwa Funtua, ya kawo mani 'yar waya ya danna ya kara mani a kunne na ji Kulu ta ce “Yaya?”, sai da na waiga ina neman ta a ɗakin. Daga ranar kusan kullum sai mun gaisa da safe. Ba wata magana mai nauyi ba ce. Ta ce ƙafa ta dame ta, in ce kazata ta ƙyanƙyashe, ta ce an yi ruwa wajensu, in ce mu hadari kawai muka gani. Mun tsufa tare a cikin wayar nan fiye da yadda muka yi ƙuruciya tare.

Abin bai tsaya a gaisuwa ba. A hankali komai ya koma ciki. Sani ya daina ɗaukar kuɗi a aljihu saboda hanya, ciniki duk a waya. In za a raba taki sai ka dangwala yatsa a na'ura, in ba ta gane yatsanka ba, to kai ba kai ba ne, ko da mai unguwa na tsaye yana rantsuwa ya san kakanka. Asibiti ka je da ciwonka a ce ka jira, kwamfuta ba ta hau ba. Mu ma da muka baro ƙauye muka dawo cikin garin Faskari, lokacin da 'yan bindiga suka hana mu barci da noma, ba mu aika kowa ya faɗa wa dangi ga unguwar da muka sauka ba. Me za a aika? Ai akwai waya. Wanda za shi kasuwa ya daina bin ƙofa yana tambayar saƙo, don in ya tambaya dariya za a yi masa. Ni kaina na daina sanin wane ne ɗan Damari a cikin masu zuwa cin kasuwa, alhali da can ina da mutum uku ko huɗu da nake ba gaisuwa.

Sai shekarar nan da aka ɗauke sabis. Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna. An ce saboda mutanen daji ne, don a hana su jin labarin jami'an tsaro da kiran dangin waɗanda suka kama. Mu da muka ɗanɗana ba mu da bakin musu, duk abin da zai kawo sauƙi muna so. Tare da haka aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita hawan babur. Da safe na danna lambar Kulu kamar kullum, wayar ba ta ko yi ƙara ba. Na miƙa wa matar Sani na ce ta duba ko kati ne ya ƙare. Ta ce, “Inna, ba kati ba ne. Kowa haka tashi take. An ce kwana kaɗan ne.”

Ba kwana kaɗan ba ne. Garin ya yi wani irin shiru da ban san irinsa ba. Shirun ƙuruciyarmu cike yake da sanin juna, wannan kuwa shirun mutane ne da kowa ke riƙe da abu a hannu yana duba shi. Samari su hau dutse su ɗaga waya sama ko za a dace, su sauko ba komai. Masu 'yar na'urar cire kuɗi suka rufe rumfuna. Mutum yana da abinsa a banki, amma ba shi da na sayen magani sai ya shiga mota zuwa Funtua, a hanyar da kowa ke shiga da addu'a a baki. Wata maƙwabciyarmu mijinta na Legas yana aiko mata ta waya, sai da ta sayar da akuyarta. Ni dai damuwata Kulu. Tana da hawan jini, kuma maganarmu ta ƙarshe ta ce mani kanta na sara. Na ce wa Sani ya nemo wanda za shi Damari. Ya zagaya ya dawo ya ce, “Inna, wa zan nema? Kasuwa ba ta ci. Waɗanda na sani ma a waya na san su.” Ya je Funtua inda akwai sabis ya kira layin Lawal, babban ɗan Kulu, bai shiga ba, don su ma can an ɗauke masu. Na ce zan je da kaina, ya ce in bari hanya ta lafa. Na bari. Na riƙa gaya wa kaina da wani abu ya faru ai da mun ji. A kan wannan na dogara, don haka na taso na gani: labarin rashin lafiya da na mutuwa ba ya kwana a hanya sai ya samu mai ɗauka.

An gama yankan gero an shiga dawa, rannan Sani ya dawo daga Funtua tun azahar ba ta yi ba, abin da bai saba ba. Ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofata, ya cire hula yana juya ta a hannu. Ya ce a tasha ya gamu da wani direba ɗan Damari da suka san juna. Mutumin ya kama hannunsa ya riƙe, ya ce ya muka ji da haƙuri. Sani ya ce haƙurin mi? Sai direban ya sake shi ya ja da baya, ya ce, “Subhanallahi. Ba ku ji ba? Ai har an yi sadakar arba'in.”

Ban yi kuka a lokacin ba. Na tuna ina tambayarsa abu ɗaya ina maimaitawa: arba'in? Wato duk safiyar da na tashi na ɗauki wayar nan na danna ko Allah zai sa, Kulu na cikin ƙasa. Na ci abinci, na yi dariya da jikoki, na ajiye mata kuka da kuɓewa busassa a leda ina jiran mai zuwa.

Wannan karon Sani bai hana ni ba, shi ya kai ni. Lawal na ganina ya durƙusa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, mutum mai mata da 'ya'ya. Da ya natsu ya ce faɗuwa ta yi a bakin murhu, gefe ɗaya ya mutu, amma bakinta bai rufe ba sai daga baya. Ta yi kwanaki tana tambaya ko an faɗa wa Yaya.

“Wallahi Inna na yi ƙoƙari,” in ji shi. “Kullum sai na hau tudu na kira. Har Funtua na je na kira, layinku ba shi shiga.”

“Ba ka samu wanda za shi Faskari ba?”

Ya sunkuyar da kai. “Na yi tunanin in zo da kaina. To tun da kuka tashi daga ƙauye ban san unguwar da kuka koma ba. Lambarku kaɗai gare ni. Ga jinya, ga hanya. Kullum sai a ce gobe za a maido da sabis, sai in ce bari in jira goben.”

Na so in ce masa Faskari ba ta fi ƙarfin tambaya ba, in ya sauka a tasha ya ambaci sunan Sani mai hatsi wani zai nuna masa.  Na dube shi na ga ba rashin kirki ba ne. Yaron nan tun da ya yi wayo bai taɓa ganin an kai saƙo da ƙafa ba. A saninsa in waya ba ta shiga ba, abin da ya rage shi ne a sake kira. Ni ma da na san wata hanyar, ai zama na yi ina dannawa. Na ce masa ya tashi, Allah ya riga ya rubuta, Allah shi jiƙanta.

A mota muna dawowa na tambayi Sani, na ce wannan abin da duk muka rataya a jikinsa, wa ke riƙe da shi? Ya ce kwamfutoci ne manya a wasu wurare, su ke haɗa waya da banki da asibiti da komai. Na ce to namu da gangan aka kashe, an san ranar da aka kashe, an san wanda zai kunna, kuma muna da Funtua da za mu gudu mu kira. In wata rana da kanshi ya lalace, ko wani mugu ya lalata shi, ƙasar duka har Funtua da Kano da Legas, ina za a gudu? Ya ce, “Haba Inna, ba a bari haka ta faru. Akwai masu ilmin abin.” Na ce Allah shi sa. Na koma kallon gonaki ta taga ina tunani. Mu mun fi kusa da ƙasa, muna da rumbu, muna da rijiya, duk da haka 'yan watanni sun nuna mana iyakarmu. Ina ga mutanen birni da ko ruwan sha sai na'ura ta turo masu? Ba cewa nake a jefar da waya ba. Na fi kowa sanin daɗinta. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mun ɗora mata duk kayanmu, sannan muka sallami duk wanda zai tallafa in ta faɗi. Yanzu duk wanda ya zo gaishe ni daga nesa sai na sa ya kwatanta mani gidansu, kusa da wane masallaci, wa ke maƙwabtaka da su. Wasu na ganin tsufa ne.

An maido da sabis bayan an gama kaka. Da hantsi ne, ina alwalar walaha na ji unguwa ta ɗauki ihu, yara na gudu suna cewa ya dawo, ya dawo. Wayoyi suka riƙa ƙara ta ko'ina, tsofaffin saƙonni da suka maƙale suna shigowa. Ni ban ko nemi tawa ba, don wadda nake kira ba ta nan. Can sai ga Sani ya shigo da babbar wayarsa a hannu, fuskarsa wani iri. Ya ce saƙon murya ne ya shigo daga layin Lawal, amma ba na yau ba ne. Ashe a cikin jinyar, bayan dawowarsa daga Funtua, da ta matsa da tambaya, Lawal ya kara mata waya a baki ya ce ta yi magana, duk ranar da sabis ya dawo saƙon zai tafi da kansa. Daga baya ruɗanin rasuwa ya mantar da shi. Abin ya zauna a cikin wayar yana jira.

“In sa maki, Inna, ko in bari?”

Na goge hannuna da gefen zane na zauna a bakin gado. Na ce ya sa.

Da farko numfashi kawai na ji, da kukan akuya daga nesa, da muryar Lawal yana cewa ki yi magana Inna, tana ji. Sai ga ta, harshen ya yi nauyi, amma ita ce.

“Wai wannan yaron ya ce kina ji. Yaya, jikin dai ga shi nan. Kada ki tada hankalinki, kada ki biyo hanyar nan don ni. In ta lafa kya zo.” Ta yi shiru tana maida numfashi, har na ɗauka ya ƙare. Sai ta ce, kamar ta tuna ta yi rashin ladabi, “Af, ban ko gaishe ki ba. Yaya, ina kwana?”

Ta dakata, daidai yadda takan dakata in tana jiran amsa.

Sani ya kai hannu zai kashe, na riƙe hannunsa.

Na ce, “Lafiya lau, Kulu. Ya jikin?”